Malam Liti, Wanda Ya Tsokani Mai Duba Makarantu

Idan ka tambayi tsofaffin 'yan bokon ƙasar Karaye wa ya koya musu Turanci, da yawa za su gyara zama su ce, "Malam Liti, Allah ya jiƙansa," sai ka ce sunan wani waliyyi suka ambata. Ni kam ba na gyara zama don Liti. Taubashina ne. Mahaifinsa, Kawu Audu na Ruwan Bago, wan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka tun muna wasan ƙasa nake da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi ma haka. Ni na ce bawana ne, shi ya ce ni ce baiwarsa, har ya koma ga Ubangijinsa ba a raba gardamar nan ba. Sunana Barira, kuma zan ba da labarinsa yadda na gan shi da idona, ba yadda ɗalibansa suke shafa masa mai ba.

Liti ya taso yaro ne da ba a jin ɗuriyarsa. In an aike shi, ya je ya dawo bai ce uffan ba. In babba ya yi masa magana, sai ya durƙusa ya zuba wa ƙasa ido kamar wanda ya yar da allura. Shekarar da hakimi ya aiko wa dagaci cewa kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a sa shi boko, gari ya rikice, har da masu ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Kawu Audu yana da 'ya'ya maza huɗu. Ya dube su, ya ga uku suna da ranar da za su yi masa a gona, sai ya nuna Liti ya ce, "Ku ɗauki wannan. Ko ya tafi ba za a san ya tafi ba." A gabana aka faɗi maganar nan, a gabansa kuma. Na yi dariya a lokacin, don ba ni da hankali. Sai da muka girma na gane maganar ta zauna masa a ciki, ba ta narke ba.

Ya yi elemantare a Karaye, ya wuce Midil a Kano, ya dawo da farar riga da hula da ɗan akwatin littattafai. Aka ba shi koyarwa a makarantar garinmu, kan hanyar Karaye zuwa Rogo. Sai dai malami ne marar takardar horo, irin wanda ake iya sallama da kalma ɗaya. Ni kuma aure ne ya kai ni garin, mijina ya rasu ya bar ni da marayu uku, aka taimake ni aka naɗa ni uwar makaranta. Aikina in bi gida-gida da safe in tattaro 'yan mata, in zauna a bakin ƙofar aji ina kaɗi ina sa musu ido, in an tashi in mayar da kowace ɗakin uwarta. Saboda haka babu abin da aka yi a ajin Liti da ya wuce kunnena.

Shekara bakwai kafin mulkin kai aka ce a fara koya wa 'yan aji huɗu Turanci a makarantarmu, aka ɗora wa Liti, don shi ne ya yi Midil. Yara ashirin da shida ne, biyar mata. Yadda aka koya masa haka ya koyar: ya rubuta a baƙin allo, ya karanta, su amsa gaba ɗaya. In suna amsawa tare sai ka ce rufin zai tashi. Amma ya nuna yaro ɗaya ya ce tashi ka faɗa, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

A farkon damina, an gama shuka ke nan, sai ga mota a ƙofar makaranta. Baturen makaranta ne, wanda ake kira Mai Lofe don lofen shan taba ba ya barin bakinsa, tare da mai duba makarantu, wani Malam Abdulsalami, dogo siriri da tabarau, fuskar nan ba annuri ko na sisin kwabo. Ni na kai musu ruwa. Daga yadda ya amsa gaisuwata na ji harshen Zazzau a bakinsa, na tambayi direba, ya ce ai ɗan birnin Zariya ne. Na ce a raina, ashe bawa aka naɗa ya zo duba iyayengijinsa. Amma na haɗiye abata, don da aikin nan nake ciyar da marayu.

Suka shiga aji. Yara suka yi karatun taro, Bature ya gyaɗa kai. Daga nan ya cire lofe, ya nuna Lado, wani Bafillatanin yaro daga Fulatan wanda ya fi kowa kaifin kai, ya tambaye shi da Turanci sunan mahaifinsa. Lado ya ji tambayar sarai, na ga hakan a idonsa. Amma wane ɗan halak ne zai kama sunan ubansa gatsau a bainar jama'a? Sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Bature ya canza tambaya, ya nuna Ma'u, 'yar wani Babarbare mai sayar da kanwa, ya ce me ta ci da safe. Ma'u ta ja mayafi ta rufe fuska. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har kusan goma, ko tari babu wanda ya yi. Yaran da aka raina a kan cewa babba na magana yaro ya yi shiru, yau an ce su tsaya ƙiƙam su dubi idon Bature su ba shi amsa.

Bature ya juyo ya tambayi malamin ajin me ya faru. Na zuba kunne ina cewa yau zan ji Turancin Midil. Bawan Allah sai ya dubi ƙasa ya ce, "To, ranka ya daɗe." Da Hausa ma.

Malam Abdulsalami ne ya yanke hukunci, a bakin ƙofa, kusa da inda nake zaune. Ya ce, "Malam Liti, aku ma yana maimaita abin da aka faɗa. Za mu dawo in an cire gyaɗa. Idan yaran nan ba su buɗe baki sun yi magana ɗaya-ɗaya ba, ka ajiye alli ka koma Ruwan Bago."

Ka ji inda gizo ke saƙa. Ba rabuwa da alli ne ya tsorata Liti ba. Komawa Ruwan Bago ne, ya shiga zauren Kawu Audu da akwatinsa a ka, ya tabbatar wa tsohon cewa bai yi kuskuren zaɓe ba.

Wata guda ya yi yana fama. Ya ƙara musu karatun taro, suka ƙara ƙwarewa a ihu. Hedimasta, Malam Mijinyawa, ya ba shi shawarar bulala, Liti ya karɓi tsumagiya ya ajiye a kan tebur har ta bushe, don shi ko akuya ba ya iya duka. Ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma taubashi ba a nuna masa tausayi a fili.

Wata rana da hantsi, lokacin hutun ƙarfe tara, ya zo gindin ɗorawar da nake zama ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ke baiwa, zaren nan da kike kaɗawa, igiyar ɗaure jaki za a yi da shi? Na ga kaurinsa ya kai."

Na ce, "Eh, jakin ma ga shi tsaye a kaina da hula."

Ya ce, "Da jaki ne ni, da tuni kin hau kin tafi neman miji, don da ƙafa kam kin gaji."

Muka yi ta yi, yana ba ni ina ba shi, bakin nan nasa kamar aska. Da na ga zai kayar da ni, sai na ɗauko wadda na san za ta yi zafi. Na ce, "Wannan bakin da kake yanka ni da shi, ina ka ajiye shi ranar da Bature ya zo?"

Ya ce, "Ke ai ba a jin kunyarki. Taubashiya ce ke."

Yana rufe baki sai ya ƙura ido wuri ɗaya. Na ɗauka na ɓata masa rai ne, har na fara neman yadda zan gyara. Ashe ba ni yake kallo ba. Can gefen rijiya Lado da Ma'u ne, su biyun nan da suka zama kurame a gaban Bature, suna ta zuba wa juna magana irin ta Bafillace da Babarbare, yara sun kewaye su suna shewa. Liti ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juya ya koma aji da sauri, ko sallama bai yi mini ba.

Washegari bai taɓa alli ba. Ya fito da yaran gindin ɗorawa, ya tambayi kowa wane ne abokin wasansa a cikin ajin. Abin bai yi wuya ba, garin duk dangi ne. Taubasai suka ja hannun juna. Lado ya tsaya gaban Ma'u. Ɗan mahauta ya nemi ɗan masunta. Waɗanda suka rage ba su da kowa, sai Liti ya ja layi a ƙasa da tsumagiyar hedimasta, wadda ranar ta fara amfani, ya ce, "Nan Kano, can Zazzau." Mu da muke bakin iyaka, babu yaron da bai san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzage ba. Rigimar da aka yi ita ce kowa ya ƙi tsallakawa Zazzau, sai da aka yi ƙuri'a da kara.

Ya ce musu, "Kowa ya tsokani abokin wasansa yadda ya saba, amma da Turanci. Wanda ya saki Hausa ya faɗi, shi zai ɗaukar wa ɗan'uwansa allo zuwa gida." Ya hana a taɓa iyaye, ya hana a ambaci wata nakasa ta gaskiya da Allah ya ɗora wa mutum. In an jefo maka magana, zai tafa hannu sau uku, kafin na uku ka mayar.

Ranar farko abin dariya ne. Kalmominsu ba su fi na kirga awaki ba. Wani ya ce wa taubashinsa akuya, shi kuma ya rasa abin cewa, ya ce masa tebur. Amma ka san zafin a tsokane ka a gaban mutane ka rasa amsa. Wanda aka kayar sai ya rugo wurin Liti yana haki: Malam, yaya ake cewa kura? Yaya ake cewa ya fi tulu ciki? Liti ya raɗa masa a kunne, ya koma fage da gudu. Da can shi ke bin su da kalmomi kamar mai ɗura wa yaro magani. Yanzu su ke bin sa har gida, har bakin masallaci. Na taɓa ganin ɗan masunta ya tsare shi a hanyar gona, wai sai ya gaya masa Turancin ƙuda, don gobe yana da shari'a da ɗan mahauta.

Kafin a yi noman biyu, an wuce jifa da kalma ɗaya, an koma jera magana. Ma'u ta ce Lado bai taɓa takowa daga Fulatan da ƙafa ba, iska ce ke ɗauko shi kowace safiya. Lado ya ce Ma'u ta cinye akushi uku na tuwo, ta wanke hannu, ta tambaya yaushe za a kawo abinci. Daga nan Liti ya ƙirƙiro wasan da ya kira Sarkin Ƙarya, inda kowa zai ba da labarin wautar da abokin wasansa ya yi a kasuwar Rogo, sauran su yi masa tambayoyi don su kama shi. Wanda ƙaryarsa ta tsaya da ƙafarta har ƙarshe, a naɗa masa rawanin ganye. Ni da nake zaune ina kaɗi, ban san lokacin da Turancin ya fara shiga kunnena ba. Wata rana na ji kaina ina dariya kafin a fassara mini.

Ba a rasa masu ƙorafi ba. Malam Mijinyawa ya ce an mayar masa da makaranta dandali. Wata safiya kuma sai ga Dogara mahauci, da wuƙarsa a ƙugu, ya zo fuska a murtuke, wai ya ji ana zagin ɗansa da yaren Nasara. Liti ya durƙusa ya dubi ƙasa, kamar yadda ya saba. Ni ce na ce, "Sarkin fawa, ka tambaya mana wa ke zagin nasa." Aka ce ɗan masunta ne. Dogara ya sosa gemu, ya ce, "To shi nawa ya rama kuwa?" Aka ce ya rama har ya yi nasara jiya. Ya ce, "Madalla. Malam, ni ma a koya mini guda ɗaya, mai zafi, akwai wanda zan kai wa ranar kasuwa." Bai tafi ba sai da ya haddace ta.

Muna cikin murna, saura mako guda a fara cirar gyaɗa, hedimasta ya ce bari ya gwada su da kansa. Ya shiga aji da babbar rigarsa, ya nuna Lado, ya yi masa wata 'yar tambaya da ko barci yake zai amsa. Lado ya durƙusa ya dubi ƙasa. Ya nuna Ma'u, ta ja mayafi. Ajin nan kaf ya koma kamar ranar farko. Malam Mijinyawa ya kaɗa riga ya fita yana cewa, "Dama na faɗa."

Ranar na ga Liti ya zauna a tushen ɗorawa ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce, "Barira, na gina rumbu na manta ƙofa. Turancin yana cikinsu, amma ba ya fitowa sai a gaban abokin wasa. Bature kuwa ba taubashin kowa ba ne."

Na ce, "Bature kam ba naka ba ne. Amma dogon nan mai tabarau fa? Bazazzage ne, ɗan birnin Zariya. Direbansa ya gaya mini."

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya kama maciji da hannu. Ya ce, "Ni? In tsokani mai duba makarantu a gaban Bature? Ke dai so kike a kore ni da mari a kan korar."

Na ce, "An haife shi Bazazzage kafin a ba shi tabarau."

Ya ce, "Ba zan iya ba." Na san kuma gaskiya ya faɗa, don mutumin da ya kai shekara talatin bai taɓa haɗa ido da dagaci ba, ba a dare ɗaya zai zama zaki ba. Na bar shi.

Rana ba ta ƙarya. An cire gyaɗa, ana shanya a gonaki, sai ga motar nan ta dawo. Aka shiga aji, na zauna a bakin ƙofa, mazari a hannuna amma ko juya shi ban yi ba. Bature ya nuna yaro na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na uku ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi tabaran Malam Abdulsalami, ya mayar ya rufe. Na ga Bature ya ja littafinsa ya fara zare murfin alƙalami. Na dubi Liti, yana tsaye jikin allo, idonsa a ƙasa, gumi na bin wuyansa. Na ce a raina, shi ke nan, Kawu Audu ya ci gari.

Sai na ji murya. Da farko ban gane ta ba. Liti ne, ya ɗago kai, yana duban Malam Abdulsalami ido cikin ido, yana magana da Turanci. Abin da ya ce, na ji rabi da kunnena, rabi ya cika mini daga baya, na kuma rage abin da na san ƙari ne irin nasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba rashin sani ne ya hana su magana ba. Mamaki suke yi. An gaya musu cewa mutanenku na Zazzau da suka zo Kano suka ga dalar gyaɗa, sai suka tuɓe takalma suka gaishe ta, suka tambaya wace shekara aka shuka wannan dutse."

Malam Mijinyawa ya dafa bango. Yara suka zaro ido, don sun fahimci kowace kalma. Malam Abdulsalami bai motsa ba. Ya sa hannu a hankali ya cire tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa, ni kuwa ina ta salati a zuci. Ya mayar da tabarau. Sannan ya ce, da Turancinsa mai tsabta kamar ana zuba ruwa a kwano, "Ba mamaki. Mu a Zazzau duwatsunmu na Allah ne. Bakano ne kaɗai zai tara abinci ya hana kansa ci. Ai an ce Bakano in ya faɗa rijiya, kafin a jefa masa igiya ya fara tallan ruwa."

Ya amsa. Duk girman muƙaminsa, jinin bai bar shi ya haɗiye ba.

Liti bai jira ba. Ya ɗauki alli ya ja layi a daɓen aji, tsakanin yara da baƙo, ya ce, "Nan Kano, can Zazzau." Ya tafa hannu sau ɗaya. Kafin ya tafa na biyu Lado ya miƙe tsaye, ya ce Bazazzage ya ga mota ta tsaya, ya yanko mata ciyawa. Malam Abdulsalami ya juyo kansa ya ce, kai ɗan Fulani, shanu nawa ubangidanka ya ba ka kiwo, kuma nawa kura ta cinye kana barci? Lado ya ba shi amsa tiryan-tiryan, har da sunayen shanun. Ɗan mahauta ya tashi, ɗan masunta ya karɓe, 'yan mata suka shiga. Su ashirin da shida a kan mutum ɗaya, shi kuwa dogon nan ya naɗe hannun riga yana mayar wa kowa. Sai daga baya na lura da wayonsa: cikin tsokanar yake cusa tambayoyin jarrabawarsa, me ka ci, ina garinku, me ake shukawa bayan gero, su kuma suna amsawa da rige-rige, ba su ma san ana auna su ba. Na ga haƙoran Malam Abdulsalami ranar, ashe yana da wushirya.

Lofen Bature ya mutu a hannunsa bai sani ba. Da ƙura ta lafa, ya tambayi Liti wannan wane irin abu ne. Liti, wanda watanni huɗu da suka wuce bai iya cewa komai ba sai "To, ranka ya daɗe," ya tsaya ya yi masa bayani da Turanci, dogo, har da nuni da hannu: taubashi da taubashi, Fulani da Barebari, mahauta da masunta, Kanawa da Zazzagawa, mutanen da aka ɗauke wa kunya a tsakaninsu tun kaka da kakanni, kuma ba a fushi. Ina jin sa hawaye suka zubo mini, na goge da sauri kada bawan ya gani ya samu abin faɗa.

Bature ya yi murmushi, ya juya wajen yara, ya ce, "To ni fa? Wane ne abokin wasana?"

Aka yi shiru, amma ba irin na da ba, wannan na tunani ne. Yara suka dubi juna, suna lissafin dangi da ƙabilu, ba su ga inda za su sa shi ba. Sai Ma'u ta miƙe. Yarinyar da ta rufe fuska da mayafi a farkon damina ta dubi Bature ta ce masa da Turanci, a hankali, kalma bayan kalma, "Ba ka da shi, ranka ya daɗe. Duk ƙasar nan babu mai tsokanarka. Muna jin tausayinka."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce gaskiya ce ta faɗa, ya yi mata wasu tambayoyi uku, ta amsa duka tana tsaye. Ya buɗe littafinsa ya yi rubutu mai tsawo.

Da za su tafi, Malam Abdulsalami ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ya yanke hukunci a da. Ya ɗauki guntun allin da Liti ya ja layi da shi, ya danƙa masa a hannu, ya ce da Hausa, "Riƙe allinka, Bakano. Kuma zan dawo, don ban gama da ku ba." Ni kuma da na ga hanya ta buɗe, na miƙa masa ruwa na ce, "Ga ruwa, bawa, ka sha ka wanke kayen da ka sha." Ya ce ruwan Kanawa sai an tambayi kuɗinsa kafin a sha. Ya shanye tas.

Bayan shekara aka tura Liti horon malanta ya samo takardarsa. Malamai daga Rogo da Kwanyawa suka riƙa zuwa ranar Alhamis su zauna gindin ɗorawa su ga yadda ake jan layi. Shekara ashirin da shida ya yi yana koyarwa, kuma duk ajin da ya karɓa, tambayarsa ta farko ita ce wane ne abokin wasan wa. Lado ya zama malamin asibiti, Ma'u ta zama malama, ta ja nata layin a wani gari.

Amma ni abin da na fi riƙewa shi ne wata ranar kasuwa, bayan zuwan Bature da 'yan watanni. Ina zaune sai ga Kawu Audu, ya tako tun daga Ruwan Bago da sandarsa, yana riƙe da hannun wani jikansa. Babu hakimin da ya aiko, babu dagacin da ya tilasta shi. Ya tsaya a ƙofar aji ya yi sallama. Ya ce, "Malam, ga wannan na kawo maka. Shi ne mai wayon cikinsu." "Malam" fa ya kira ɗansa, a gaban yara. Liti kuwa, mutumin da ya tsokani mai duba makarantu a gaban Bature, sai ya durƙusa ya zuba wa ƙasa ido ya ce, "To, Baba." Hali zanen dutse. Amma na ga bayansa yana rawa, kuma ranar ko kalma ɗaya ban tsokane shi ba.

Ya rasu yana da furfura, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ɗalibansa suka cika garin da motoci, kowa na faɗin alherinsa da manyan kalmomi. Ni kuwa akwai wata baƙar magana da na tanada masa tun mako guda kafin nan, mai kyau ƙwarai, wadda na tabbata ba zai iya mayarwa kafin tafi uku ba. Ban samu na faɗa masa ba, tana nan a bakina har yau. Sai a ranar na fahimci abin da Ma'u ta gaya wa Bature. Yanzu duk wanda ya shigo gidan nan durƙusawa yake ya gaishe ni, ya zuba wa ƙasa ido, babu mai ce mini baiwa.